Autan A'i Mai Hanci Shida Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Sadiƙu Mani, malamin kimiyya a lise, wato babbar sakandare, a nan Dogon Dutsi, a madadin kaina da matan Ƙungiyar Tunkuza masu matsar man gyaɗa, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na kusa da na nesa rasuwar ƙanenmu, Autan A'i, wanda aka fi sani da Mai Hanci Shida. Ya cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a kan teburina, bayan jinyar mako bakwai. Ya yi shekara huɗu da wata biyu a duniya, kuma bai taɓa kwana ɗaya yana zaman banza ba.

Domin waɗanda ba su yi zamani da shi ba, marigayin akwatin roba ne ruwan toka, bai fi kwalin sukari biyu girma ba. Yana da ƴar fanka a gefe, da siririn bututu da ake sa wa a bakin kwalba, da ƙwan lantarki biyu, kore da ja. Aikinsa guda ne tun daga haihuwa har komawa ga Mai shi: a ɗebo gyaɗa daga tsakiyar buhu, a zuba a kwalba, ya sansana, ya gaya wa mata su saya ko su bari. Wanda bai taɓa ganin ɓarnar da buhu ɗaya mai funfuna yake yi wa man mako guda ba zai ce wannan ƙaramin aiki ne. Matan Tunkuza ba su taɓa faɗar haka ba.

Kafin zuwansa, wannan aiki na mahaifiyarmu ne, Inna A'i, Allah ya jiƙanta da rahama. Shekara arba'in ba a buɗe buhu a gidan matsar mai ba sai ta sa hancinta. Mata kan ɗauro gyaɗa a bakin zane tun daga Matankari da Dumega, har da masu shigowa a amalanke daga Dogon Kiriya, don kawai ta sansana ta yanke hukunci. Tana rarrabe wadda ruwa ya taɓa a gona, da wadda aka ajiye da maganin ƙwari, da wadda ta yi tafiya kusa da jarkar fetur a bayan mota, da wadda ba ta da laifin komai sai tsufa. Ni kuwa ɗanta na cikinta, Allah ya yi ni ba hanci. Wata doguwar mura ta toshe shi tun ina firamare, ba ta sake buɗe shi ba. Tuwo na iya ƙonewa a gabana, sai maƙwabta sun leƙo sun gaya mini. Inna takan ce ta raba wa gari duka hancinta, ta manta da na gida. Da na ga tafiyarta ta fara nauyi, tana hutawa sau biyu tsakanin ɗaki da ƙofar gida, sai tsoro ya kama ni: in ta tafi, da me mata talatin da biyu za su sayi gyaɗa? Wannan tsoro shi ya haifi marigayi.

Na samo ƙananan na'urori shida masu jin iskar gas, waɗanda muke ce wa kafta a aji, kowane bai wuce maɓallin riga ba, na jera su a akwati. Su ne hancin nan shida. Ba a son tonon asirin mamaci, amma gaskiya ba za ta rage masa daraja ba: kowane ɗaya cikinsu, shi kaɗai, wawa ne na buga misali. Na ɗaya in fetur ya zo sai ya zabura, in albasa ta zo ya zabura, ko zufar mai riƙe da kwalba ce sai ya zabura. Takardar da ta zo da na uku ta rantse barasa kaɗai yake ji, amma hayaƙin murhun maƙwabta ma ya ishe shi tashin hankali. Na biyar malalaci ne, sai kowa ya gama sannan ya motsa. Babu ɗaya cikinsu da ya iya cewa wannan funfuna ce, wannan magani ne. Iyakar saninsu shi ne akwai wani abu.

Sai dai babu biyu da suke zabura daidai da juna, kuma nan ne Allah ya ɓoye basirar. In funfuna ce, na ɗaya ya tashi sama sosai, na uku ya tsaya rabi, na biyar da kyar ya ɗaga kai. In fetur ne, na biyu da na huɗu su yi gaba su bar saura a baya. Layuka shida sai su fito a fuskar ordinatar, wato kwamfuta, su yi zane, kowane wari da irin zanensa. Na zauna ina yi wa Inna bayanin wannan da dogon Faransanci, ta katse ni ta ce ai lugude nake nufi: taɓarya ɗaya ba ta gaya maka komai, amma in sun haɗu, daga bayan katanga kana sanin ko gero ake surfe ko gari ake daka. A duk littattafan da na karanta ban sami bayanin da ya kai wannan ba.

Abin da ya rage shi ne koyarwa. Ƴar ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin ba ta san sunan ko zane ɗaya ba, sai an nuna mata sau da yawa an ce wannan kaza ne. Wa zai faɗi sunan kuwa in ba Inna ba? Kaka uku muka yi muna wannan makaranta a gindin dogonyaron tsakar gida. Tana zaune a ƴar kujerarta, a miƙa mata kwalba ta sansana ta faɗi hukunci, a miƙa wa marigayi ya sansana, ni kuma in rubuta hukuncinta kusa da zanensa. Kwalba dubu ɗaya da ɗari da arba'in muka yi a haka.

Shekarar farko bai yi abin kirki ba, kuma a gaban jama'a. Cikin kwalba goma, shida kawai yake ci. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, sai ya ɗauki duk gyaɗar duniya mai funfuna ce. Inna ta ce akuyar gidanmu ta fi shi ilimi, don ita ko ba komai tana barin ruɓaɓɓiya. Ina shirin zuba shi a kwandon shara, ran nan ta tsaya tana kallon yadda nake gwajin, ta girgiza kai.

"Kai Sadiƙu, haka kaka ba shi gujiya da sanyinta? Wa ka gani yana sansana haka? A murza ta ga tahin hannu ta ɗauki ɗumi tukuna. Kuma ba zuwan wari aka saurare ba, tahiyatai aka saurare."

Na ce ta ƙara mini bayani. Ta ce fetur da gudu yake shigowa, da gudu yake fita. Funfuna a hankali take zuwa, in ta zo kuma ta zauna a maƙogwaro ta ƙi tashi. Maganin ƙwari yakan laɓe a bayan ƙamshin gyaɗar, sai ƙamshin ya wuce yake fitowa. Shi ya sa take rufe ido bayan ta ajiye kwalba, ni kuma shekara da shekaru na ɗauka gajiya ce. Na koma na sa ɗan abin ɗumama a gindin kwalba, na ƙara ma'aunin laima don damina ta daina ruɗa shi, na kuma koya wa ƙwaƙwalwar ta daina duban tsayin layi kaɗai, ta riƙa lura da yadda kowane yake hawa da yadda yake sauka. Daga nan marigayi ya zama mutum. A kaka ta uku, cikin kwalba ɗari yana dacewa da Inna a casa'in da huɗu. A sauran shidan Inna ce mai gaskiya, kuma bai taɓa yi mata musu ba.

Ranar da ya ci kwalba ashirin a jere, ta ɗora tafinta a murfinsa, ta ji ɗumin da ke fitowa, ta ce, "To, na samu auta. Sadiƙu, ka sauka." Ina da shekara talatin da takwas aka tsige ni daga autanci, kuma ban ji haushi ba.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne. In an sa masa bututu, za ka ji fankarsa ta ja numfashi, fuuuu, na kusan minti biyu. Sai ya yi shiru, irin shirun Inna. In gyaɗa lafiya lau ce, ya ce ƙit, sau ɗaya, koren ƙwai ya kama. In tsufa ne, ƙit-ƙit. In funfuna ce, ƙit-ƙit-ƙit, da jan ƙwai. In fetur ne ko maganin ƙwari, sai ya saki kuka, tiiiii, ba zai bari ba sai an janye kwalbar daga gabansa. Da waɗannan kalmomi huɗu ya yi rayuwarsa, kuma sun ishe shi.

Muna shaida bai san fuskar kowa ba. Wani ɗan kasuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda yana cikin masu karanta wannan, ya taɓa shimfiɗa sabuwar gyaɗa a saman buhu ya fesa wa bakin buhun turare. Marigayi ya ja numfashi, ya jira turaren ya wuce, ya ce ƙit-ƙit-ƙit a gaban mutanen kasuwa. Ya taɓa mayar da buhu biyu na surukina, mahaifin matata, na yi wata guda ina gaisuwa ana amsa mini da ka. Ba shi da kwaɗayi. Ɗan faifan hasken rana guda ya ishe shi ci da sha. Ba mu ce ba shi da rauni ba. Ya taɓa yi wa Inusa direba kukan fetur alhali rigarsa kawai ya matso da ita. Ran da wata ta ajiye ƙullin daddawa kusa da shi kuwa, kwana biyu ya yi bai dawo hayyacinsa ba. Kuma ba ya son a kashe shi ko kaɗan, don hancinsa da ɗumi yake aiki, in ya huce sai ya yi kwanaki yana shirme kafin ya daidaita.

Inna ta rasu bara da bazara. Bayan sadakar bakwai, mata suka dawo aiki, aka sauke buhuna, aka yi cirko-cirko, kowa tana kallon kujerar da ba wanda ya iya zama a kanta. Na ɗauko shi na ɗora a kan kujerar, na sa masa bututu. Ya ja numfashi, ya yi shiru, ya ce ƙit. Gwaggo Mubaraka, shugabar ƙungiyar, ta ja gyalenta ta rufe fuska ta ce, "A'i ta ce a saya." Tun daga ranar ba wadda ta ƙara cewa a gwada a akwati, sai dai a ce a tambayi A'i. Ni ma ba zan ɓoye ba, sau da yawa in na taso daga lise da la'asar nakan ba shi kwalbar da na riga na san amsarta, don kawai in ji an yi shirun nan a tsakar gida.

Yanzu dole in ambaci mutum biyu, ɗaya ban ji maganarta ba, ɗaya kuma ban ga aikinta ba.

Ta farko ita ce Lubna, wadda muka yi karatu tare, injiniya ce yanzu a Yamai. Ta sha gaya mini cewa irin wannan hanci yana tsufa, kuma babu kafta biyu a duniya da suke ji daidai da juna, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Ilimin Inna ba a ordinatar kaɗai yake ba, a ɗaure yake da waɗannan shidan. In aka sa wa ƙwaƙwalwar sababbi, zanen zai canza, ba za ta gane ko ɗaya ba. Maganin abin, in ji ta, a haɗa sabon akwati tun tsohon yana da lafiya, a zaunar da su gefe da gefe kwana goma suna sansanar kwalba ɗaya, har a san yadda za a fassara zanen wannan zuwa na wancan. Ba ta tsaya a baki ba, ta haɗa sabon da hannunta ta ba Inusa ya kawo mini. Wata biyar kwalin ya yi a ƙarƙashin gadona ban yanke igiyarsa ba. Kullum ina cewa sai an yi hutu. Gaskiyar ita ce ji nake kamar in na buɗe shi na auna wa mai rai likkafani, kuma na riga na auna sau ɗaya, ban shirya wa na biyu ba.

Ta biyu ita ce yayata Sahura, wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ce mai suyar gyaɗa, ita ce mai jinyar Inna. Kwalaben nan dubu ɗaya da ɗari da arba'in, ita ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da toka da ruwan zafi, don sabulu mai ƙamshi yana ruɗa marigayi. Ita ke miƙa wa Inna kwalba, ita ke karɓa. Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: kafin marigayi ya yi magana sai ta faɗi amsar ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta. Nakan ce, Yaya, ki bar shi ya yi aikinsa. Ban taɓa tsayawa na ƙirga sau nawa ta dace ba, ni da nake ƙirga komai. A takardar da na gabatar a wani taron malamai a Yamai na gode wa Inna, na gode wa Lubna, har Inusa na gode wa. Sunan Sahura bai fito ba.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. A watan Yuli aka tura ni Dosso gyaran takardun jarrabawa na kwana takwas. Na bar shi a hannun Sahura da umarni biyu: kada a kashe shi, kada ruwa ya taɓa shi. Kwana biyu da tafiyata aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo. Ta ɗauke shi ta kai shi wurin da ya fi ko'ina daraja a gidanmu, ɗakin Inna. Ta ɗora shi a gadonta, ta jawo masa wayar wutarsa ta taga, ta lulluɓe shi da zanen Inna don kada sanyi ya kama shi. Kuma kamar yadda take yi kowace yamma tun Inna na da rai, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura ƙarƙashin gado, ta ja ƙofa. Kwana shida fankarsa tana jan hayaƙin nan zuwa cikin hancinsa mai zafi. Umarnina biyu ta cika su cif. Na ukun, wanda ya fi su muhimmanci, wato kada hayaƙi ko turare ya kusance shi, ni ne ban faɗa ba, don ban taɓa ɗaukar tana bukatar sanin dalilin komai ba.

Da na dawo ban ga alamar ciwo ba. Yana jan numfashi, yana shiru, yana cewa ƙit. Mako guda bayan haka aka kawo buhu uku daga wani ƙauye, gyaɗar bara. Sahura ta murza a tafinta, ta rufe ido, ta ce, wannan karon da ƙarfi, "Sadiƙu, wagga gujiya hunhuna gare ta." Marigayi ya ce ƙit, koren ƙwai ya kama. Mata suka dube ni. Na ce A'i ta ce a saya. Aka saya, aka soya, aka niƙa, aka kwana biyu ana matsa. Man ya fito da maƙaƙi, ƙuli-ƙulin ko awaki ba mu yarda mu ba ba, aka haƙa rami a bayan gari aka binne wahalar mata talatin da biyu.

Sai na ɗauko tsumman da na jiƙa da fetur na sa a kwalba na ba shi. Ya ja numfashi, ya yi shiru, ya ce ƙit. Na ba shi maganin ƙwari tsantsa, ya ce ƙit. Na kwance murfinsa, na ga ragar kowane hanci ta yi baƙin danƙo. Na tambaya me aka yi masa, Sahura ta faɗa mini dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba, don ba ta san ta yi laifi ba. A nan tsakar gida, a gaban Gwaggo Mubaraka da sauran mata, na buɗe bakina na ce wa yayata, wadda ta goya ni, wadda ta wanke gawar uwarmu da hannunta, ta kashe Inna karo na biyu. Ta juya ta koma bakin aikinta. Ta gama wanke kwalaben ranar, ta kife su a rana, washegari da safe ta bi motar Inusa zuwa Tibiri gidan ɗiyarta. Ko wayata ba ta ƙara ɗauka ba, kuma ban ga laifinta ba.

An yi wa marigayi duk abin da ake yi wa majinyaci. Na goge ragar da tsinken auduga, na bar shi a iska mai tsabta mako biyu, Lubna tana ba ni shawara ta waya. Hanci na biyar ne ya fara tafiya, malalacin nan, bai ko yi sallama ba. Na biyu da na huɗu suka bi shi. A ƙarshe Lubna ta ce saura dabara ɗaya, a ƙara musu zafi har iyaka ko danƙon zai ƙone, amma in sani ko dai ya warke ko ya tafi. Ranar Talata da hantsi na yi bismillah na murɗa. Wani siririn hayaƙi ya taso daga cikin akwatin, ina sunkuye a kansa, ya shige ni.

Jama'a, shekara talatin ban ji ƙamshin komai ba, amma wannan na ji shi. Ɗakin Inna ne. Ƙamshin da nake ji in na kwanta a bayanta ina ƙarami, kafin hancina ya toshe. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, hayaƙin yana fita, ban iya ko miƙa hannu in rage wutar ba. Marigayi ya ja numfashi guda, fuuu, gajere, ya ce ƙit, ƙwan ya mutu. A lokacin na gane abin da Sahura ta yi. Ni akwatin ajiya na ɗauke shi, inda na kulle Inna don kada ta tafi. Ita kuwa ɗan gida ta ɗauke shi, ta ba shi gadon uwarsa da zanenta da turarenta, abin da ba ta taɓa ba ni ba ma. Wanda ya kashe Autan A'i shi ne wanda ya bar kwali wata biyar a ƙarƙashin gado, kuma sunansa yana saman wannan takarda.

Marigayi ya bar layuka dubu ɗaya da ɗari da arba'in na lambobi a ordinatar, waɗanda babu sauran hancin da zai iya karanta su a duniya. Ya bar faifan hasken rana da bututu da ma'aunin laima, dukansu lafiya lau, ba su san an yi rashi ba. Ya bar ƙane guda a cikin kwali, mai hanci shida shi ma, wanda bai san bambancin gyaɗa da takalmi ba, kuma ba zai taɓa sani ba sai an sami wadda za ta zauna ta faɗa masa sunan kowace kwalba tun daga farko. Ya bar mata talatin da biyu da sabuwar gyaɗa za ta iske a kasuwa nan da mako uku, ba su da wanda za su tambaya. Ya bar wansa guda marar hanci, da yayarsa guda mai hanci, wadda aka kora.

Game da jana'iza, limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa akwati salla, kuma mun yarda da shi. Ba za a binne shi ba, saboda batirin da ke cikinsa ba ya yi wa ƙasa kyau. Za a naɗe shi a zanen nan da aka lulluɓe shi da shi, a sa shi a adakar Inna kusa da carbinta, ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a gidan marigayi Mani da ke bayan tsohuwar tasha. Za a zauna karɓar gaisuwa a gindin dogonyaro. Ana roƙon masu zuwa kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Kowa ya zo da gyaɗa cikin tafi ɗaya, mai kyau da marar kyau, musamman marar kyau: wadda ruwa ya taɓa, wadda ta sha magani, wadda ta yi tafiya da fetur. Ɗan kasuwan da na ƙi ambata, muna sa ran zai fi kowa kawo gudummawa. Na wanke kwalabe sittin da toka da ruwan zafi, hannuna duk ya tsattsage, yanzu na san aikin.

Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta iske a Tibiri, don Allah ya nemi gidan ɗiyar Sahura Mani, ya karanta mata ita da ƙarfi tun daga farko, kada ya tsallake inda na faɗi abin da na faɗa mata. Yaya, na yi miki laifi a gaban mutane, shi ya sa nake neman gafararki a gaban mutane. Ba don gyaɗa kaɗai nake kiran ki ba, ko da yake gyaɗar ma tana jiran ki. Inusa zai tashi daga Tibiri ranar Juma'a da safe, ya ce kujerar gaba taki ce. Kaskonki yana inda kika bar shi, ban bari an zubar da tokar ba.

Kujerar Inna na fito da ita na goge. Kwalin yana kusa da ita da igiyarsa, wuƙa tana kai. Ba za a rufe adaka ba, ba za a yanke igiya ba, ba wanda zai buɗe ko kwalba ɗaya sai kin iso. In ba ki zo wannan Juma'ar ba, an ɗaga jana'izar zuwa ta gaba, in ba ki zo ba a sake ɗagawa. Mamacin ba ya ruɓewa, zai iya jira, ni ma haka.

Allah ya jiƙan Inna A'i, ya ba matan Tunkuza haƙurin wannan rashi, ya sanyaya zuciyar wadda na ɓata wa.

Mai sanarwa, ƙanenki,
Sadiƙu Mani,
Dogon Dutsi.